Zumunta a Ƙafa Take

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, WhatsApp da Facebook sun sauƙaƙa wa ƙungiyarmu kiran jama'a: saƙon murya ɗaya kan kai sanarwar wa'azi daga Maradi har Damagaram, ko wanda bai iya karatu ba ya ji.

Sai dai rubuta suna cikin waya ba ya riƙe mutum. Wanda ya yi jinya ba a dubo shi ba, aka yi masa rasuwa ba a je ta'aziyya ba, zai janye shiru, kuma za a tambaye mu hakkinsa ranar gobe. Wanda kuka daina gani cikin sahu, ku taka har gidansa.

Allah Ya haɗa zukatanmu bisa gaskiya, amin.