Ɗinkin da Iska Ke Jarrabawa

Kafin jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano a shekarun 1950, mutanenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a ƙasa su ke tafiya Makka. Su ratsa Barno da Cadi da Sudan har Sawakin, bakin Bahar Maliya. Daga nan talakawa da yawa sai su shiga ƙananan jirage na katako waɗanda iska ke turawa zuwa Jidda.

Abin da ke kama iskar wani babban zane ne, ana ce masa filafili. Ƙyallayen auduga a ke jerawa a ɗinke, kamar yadda maɗinkinmu ke haɗa fari ƙwarya ƙwarya ya yi riga. A ninka ɗinki, a bi gefe da igiya, a ƙara ƙyalle a kusurwa, don nan iska ta fi ja. Sau da yawa masu jirgin su ke ɗinka abinsu da hannunsu.

To, ga tambaya. Me ya sa wanda zai shiga jirgi ba ya ha'inci cikin ɗinkin, amma wanda a ka biya lada wani lokaci ya kan yi? Dalili shi ne, na farko ya san in zare ya tsinke tsakiyar teku da shi za a nutse. Iska ba ta jin roƙo, ba ta karɓar toshi.

Wani zai ce, ashe kowa ya yi wa kansa kome. Wannan ba shi yiwuwa. Manomin auduga ba shi ne masaƙi ba, wanda kuwa bai koyi ɗinki ba, in ya ɗinka filafili kansa ya cuta. Dole mu dogara da juna. Saboda haka maganin ba shi ne ƙin aikin wani ba, a'a, riƙon amana ne.

Ya kai mai karatu, yanzu da ka iya alƙalami, maƙwabci zai kawo ka rubuta masa wasiƙa, ko ka duba masa takardar awon audugarsa. Ba zai gane kuskurenka ba sai ranar da ya cutu. Ka rubuta masa kamar kai ne za ka shiga jirgin. Allah kuwa yana ganin ɗinkin da ke cikin ninki.