Tashi Ko Zama?

Ɗan'uwa, rumbu ya yi ƙasa, kana shawarar kwashe iyali ku tafi Aljeriya. Barin gida ba zunubi ba ne. Yakubu ma yunwa ce ta kai shi Masar da dukan gidansa. Amma shi ɗansa Yusufu yana can, har ya aiko da amalanke da guzuri. Kai wa ke jiranka?

A 2013 motoci suka lalace bayan Arlit, ƙishirwa ta kashe mutum 92, yawancinsu daga yankin Kance. Cikinsu 52 yara ne, ba wanda ya nemi yardarsu. Kai kana iya sai da ranka, amma ran autanka amana ce a hannunka. Ka zauna da uwarsa tukuna, ka bar ta ta gama maganarta.