Rubutun Cike Gurbi da Alfarmar Harafi

Duk mai tsara littafi ya san wannan buƙatar: kafin marubuci ya miƙo aikinsa, sai an ga yadda shafi zai zauna. A manhajar LaTeX, umarnin lipsum kaɗai zai zubo maka Latinanci sakin layi bayan sakin layi, tsurarsa, babu kai babu ado. Asalinsa littafin Cicero ne na shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, aka daddatsa kalmomin har ma'ana ta tsere.

Lokacin da nake karatu a Jami'ar Afirka da ke Khartum, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ina tsara wa ɗalibai kundin bincike. Wani dattijo Bahaushe mazaunin Omdurman, mai koyarwa a makarantar allo, halwa a bakin 'yan ƙasar, ya ga irin wannan shafin a hannuna. Da na yi masa bayani sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ɗana, harafi amana ne. Yaya za ka tara shi ba don ya faɗi komai ba?"

Ban raina maganarsa ba. Mutumin da almajiransa ke wanke allo a keɓaɓɓen wuri, don kada a taka ruwan tawada, yana da hujjar jin tsoron yasasshen zance. A Omdurman ɗin nan ne mabiya Mahadin Sudan suka buga Ratibi, littafin addu'o'insa, da injin ɗab'in da suka samu bayan faɗuwar Khartum a 1885. Garin ya san nauyin bugaggen harafi.

Amma ni a ganina wannan tsoron ne ma ya wajabta rubutun cike gurbi. Mai tsara shafin Larabci, idan bai da shi, me ya fi kusa da hannunsa? Aya, ko hadisi. Takardar gwaji kuwa kowa ya san makomarta: a buga, a duba tazarar layi, a yar. Gobe ka tsince ta a kasuwar Suk al-Arabi an ƙunshe ta'amiyya, ƙosan 'yan ƙasar, da ita. Gara abin da zai sha mai da ƙura ya zama wanda bai ɗauki sunan Allah ba.

Dattijon bai gamsu ba. Ya ce ko alif ɗaya aka rubuta, da shi ake fara sunan Ubangiji. Tun daga ranar nake gwada shafin Larabci da haruffa marasa ma'ana, in gama, in ƙona takardar kamar yadda ya nema.