Fitilar Maƙwabci Mai Gicciye

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani daga cikin mamuna ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Malam, jiya an ɗauke wuta, maƙwabcina Kirista ya ara mini fitilar sola mai hoton gicciye a jiki, yarona ya yi tilawa da haskenta. Akwai laifi?"

Tambayar ta daɗe a duniya. A ƙarni na 5 da na 6, maginan tukwane a yankin Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, suna gina fitilun jan yumɓu. Ana zuba musu man zaitun da lagwani, kamar yadda kakanninmu suke yi da man gyaɗa. A samansu akan zana gicciye, ko kifi, ko kurciya, kuma fatake suna kai su ƙasashen bakin Bahar Rum. Da Musulunci ya iso Sham, ba a daina ginin ba. A Jarash ta ƙasar Jodan an haƙo fitilun zamanin Banu Umayya, wasu da rubutun Larabci, wasu da gicciye, duk a gari ɗaya.

To, meye hukunci? Ni a fahimtata, zanen na mai fitila ne, shaidar imaninsa. Musulmi ba zai zana shi ba, ba zai girmama shi ba. Amma hasken da ke fita, wanda ya halicci man da wutar shi ya ba da shi. Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya yi alwala da ruwan gidan wata Banasariya. In ruwa ya halatta ga alwala, yaya haske ga karatu?

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron da ya haifi tambayar. Mu a wannan yanki mun ga 1987, mun ga 2011 da kasuwar Kafanchan ta ƙone. Tun daga nan, hatta aron fitila sai mutum ya yi ta juyayi. Alhali a shagona, rabin masu sayen batir Kiristoci ne, ban taɓa mayar da kuɗinsu ba.

Na ce masa ya mayar da fitilar da godiya, ya haɗa da ɗan goro. Ranar da tasu ta mutu, shi ma ya miƙa tasa.

Allah shi ne masani.