Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa: To, In Uban Maƙeri Ne Fa?

Yau wata tambaya ce na kawo maka, wadda aka yi mini na kasa amsawa nan take. Na ga ya kamata mu zauna mu tauna ta tare, gama ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Cikin ajin manya da nake koyarwa a wani ƙauye na gundumar Gazawa akwai wani dattijo maƙeri. Yatsunsa sun yi kanta har alli yakan karye masa a hannu, amma ba ya fashin zuwa. Wata rana da aka tashi, ya dakata har kowa ya watse, sa'an nan ya ce mini, "Malam, ina da magana. Autana ya gama lakwal ta gari, an ce ya wuce kwaleji. Shi kaɗai ya rage mini a gindin wuta, yayyensa duk sun tafi bida. Uwar maƙeran da nake bugu a kanta ta kakana ce. In yaron nan ya tafi, ran da na kwanta dama wutar gidanmu ta mutu ke nan. Ku masu boko, me kuka gani? In sake shi ko in riƙe shi?"

Na ce, "Baba, ba ni kwana biyu in yi tunani."

Kafin mu yanke hukunci, bari mu duba abin da dattijon nan yake tsoron ya salwanta. Tuna tuwon da ka ci daren jiya. Gatarin da aka yi sassabe da shi, da sungumin shuka, da hauyar noma, da magirbin da ya yanke zangarniya, da wuƙar da ta yanka nama, dukansu daga maƙera suka fito. Bi hanyar kwalta tun daga Gidan Runji, ka ratsa Tibiri da Cadawa da Agye har Gazawa, da wuya ka ci kasuwa ba ka ga rumfar maƙera ba. Mai noman aya, da mai hatsi a jigawa, da mai lambu a bakin gulbi, kowa da irin bakin ƙarfen da ƙasarsa take so. Maƙerin gari ya san wannan ba tare da an faɗa masa ba.

Sana'ar kuma ba ta jiya ba ce. Masu tonon ƙasa don binciken tarihi sun samu alamun aikin ƙarfe a Termit, gabashin Nijar, waɗanda suka haura shekara 2,500. A Kano, labarin kaka da kakanni ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya zo gindin dutsen Dala neman tama, ya zauna. Gobirawan da suka kafa Tibiri wajen 1836, ba su tsaya da ƙafarsu ba sai da mashi da kibiya da linzamin da maƙera suka ƙera musu. Shi ya sa har fadar sarki akwai Sarkin Maƙera.

To amma ga wani abu da ba mu cika tunawa ba. Rabin wannan sana'a ya riga ya mutu, ba kuwa wanda ya yi masa zaman makoki. A da, maƙeran ƙasar Hausa ba sayen ƙarfe suke yi ba, fitar da shi suke yi daga dutse. Su tafi daji su haƙo tama, su toya gawayi mai yawa, su gina doguwar tukunyar laka, su jera gawayi da tama hawa-hawa, su kunna wuta su kwana a kanta. In Allah ya ba da sa'a, su fasa su ciro dunƙulen ƙarfe. Abin da ya rage shi ne kashin maƙera, wanda manomi yakan yi tuntuɓe da shi a tsofaffin kufai. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya fara malala cikin ƙasa. Daga baya motoci suka yawaita, suka tsufa, aka samu tarkacensu da gangunan mai a araha. Wa zai kwana daji yana fama da tama, alhali ga ƙarfe a kasuwa? A shekarun 1960 wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki hoton sinima na maƙeran Adar suna narka tama. A lokacin ma aikin ya kusa ƙarewa. Na tambayi dattijon ajina ko ya iya. Ya ce ya dai ji kakansa yana ba da labari, amma ko an nuna masa tama da tsakuwa yau, ba lalle ya rarrabe ba.

Ka gani, ilmin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa, tsakanin kaka da jika ya ɓace. Ba sarkin da ya hana, ba dokar da aka kafa. Bukata ce ta kau, hannu ya manta.

Sauyi na biyu iyayenmu sun gan shi da idonsu. Bayan farin 1973 da 1974, aka buɗe babban shirin raya karkara na Maraɗi a 1977. Aka riƙa horar da samari manoma, ana ba su garmar shanu da amalanke bashi. A wannan zamanin ne kuma aka kafa ma'aikatun ƙera kayan noma a Tawa da Damagaram da Doso. Wasu suka ce ƙirar gida ta ƙare. Ashe ba haka ba ne. Bakin garma yana cinyewa, ƙafar amalanke tana karyewa ana tsakiyar damina, manomi kuwa ba zai bar gona ya tafi birni neman gyara ba. Maƙerin da ya buɗe ido ya koyi gyaran waɗannan kaya, har ya shiga ƙera nasa. Wasu suka haɗa da walda. Watau abin da muke kira ƙirar gargajiya yau, da ƙarfen mota ake yin ta, kakannin maƙeran ma da za su dawo sai sun yi mamaki.

Saboda haka in mun ce a adana ƙira, me muke nufi? Bari mu leƙa yadda wasu suka yi. A Ingila akwai wani kwari inda wani mutum mai suna Abraham Darby ya fara narka ƙarfe da gawayin kwal a 1709, aka kuma gina shahararriyar gadar ƙarfe a 1779. Da masana'antun wurin suka daina aiki, mutanen ƙasar ba su rushe su ba, suka mai da su gidajen tarihi, inda baƙi kan biya kuɗi su shiga su kalli maƙeri yana bugu kamar yadda ake yi a da. A 1986 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Maƙwabtanmu na Burkina Faso su ma a 2019 an sa wurare 5 na tsofaffin tukwanen narka tamarsu cikin wannan jerin. A Yamai kuma, gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da sashen masu sana'ar hannu.

Wannan duk abu ne mai kyau, ina ma mu ma a jihar Maraɗi mun killace ko da kufai ɗaya na maƙeran da. Amma ka lura da bambanci guda. Maƙerin gidan tarihi, mai kallo ne alƙalinsa. In wuta ta yi tartsatsi an yi tafi, ya gama aikinsa. Maƙerin ƙauye kuwa, gona ce alƙalinsa. In hauyarsa ta lanƙwashe ran farko, ko gatarinsa ya yi gautsi ya ɓalle a jikin icce, kafin la'asar mai shi ya dawo masa da shi, kafin kasuwa ta zagayo gari duka ya ji. Wannan tsoron kunya shi ne yake wasa gwaninta. Ana iya ajiye uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi cikin ɗaki shekara ɗari, a riƙa share musu ƙura. Gwanintar kuwa ba ta zama sai inda ake bukatarta.

Yanzu mu komo kan yaro. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, gaskiya ne kuwa. Amma in tambaye ka, kai da kake karanta wannan: naka ɗan, ina ka kai shi? In ka sa shi lakwal kana fatan ya zama likita ko malami, da wane baki za ka ce ɗan maƙeri ya zauna cikin hayaƙi don kada al'ada ta ɓace? In gadon na jama'a ne duka, bai kamata yaro ɗaya ya biya kuɗinsa da rayuwarsa ba. Wannan zalunci ne, ko da an yi masa ado da kirari. A ganina ba mu da ikon ɗaure shi, uban ma ba shi da shi.

To shi ke nan, sai a bar wuta ta mutu? A'a. Tambayar da ta fi ita ce: me ya sa yayyensa suka gudu? Yaro ba ya gudun sana'ar da take ciyar da gidansu cikin mutunci. Nan ne laifin ya dawo kanmu, ni da kai. Maƙera suna bin mu bashi uku.

Na fari, bashin kuɗi. Tsofaffi sun ce a da manomi yakan kai wa maƙerinsa dami in kaka ta yi, shi kuma ya riƙa gyara masa kayan aiki. Yau fa? Mutum zai sayi katin waya ba tare da ya nemi ragi ba, amma in ya zo gaban maƙeri sai ya yi ta ciniki har ya kai shi ƙasa da kuɗin ƙarfe da gawayi, sa'an nan ya ce sai kaka. Kaka ta zo, ya canja hanya. Ɗan da yake zuga yana jin duk wannan, yana kuma lissafi a ransa.

Na biyu, bashin girma. Mukan taru mu kalli wasan maƙera da wuta ran biki, mu yi ta mamaki. Amma sau nawa ake kiran maƙeri in ana shawarar gari, ko in an zo da sabon kayan noma ana so a gwada? Shi ya fi kowa sanin inda zai karye.

Na uku, bashin icce. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya, don yana da nauyi, wutarsa tana da zafi, ba ya saurin cinyewa. Ƙirya kuwa ba ta girma da wuri, ga shi mun sare ta, da gatarin da maƙerin ya ƙera mana. Amma a nan akwai abin farin ciki. Tun bayan yunwar 1984 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, watau barin tohon kututture a gona a yi masa aski ya zama icce. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan wannan har ƙasashen waje. Wanda ya bar ƙirya ta tashi a gonarsa, ya taimaki maƙerin jikokinsa.

Su ma maƙera da nasu. In ƙofar maƙera ba ta buɗuwa sai ga ɗan gida, ran da ɗan gida ya ƙi, an rufe ke nan. Ga samari nan cikin gari ba aikin yi, wani ma tun yana ƙarami yake leƙen wuta da sha'awa. Me zai hana a karɓe shi? Jini ba ya riƙe masaba, hannu ne yake riƙewa.

Ni malamin karatu ne, don haka dole in faɗi iyakar abin da alƙalami zai iya. Zai iya rubuta sunayen kayan aiki, da irin ƙarfen da ya dace da gatari da wanda ya dace da lauje, da sunayen kakannin da aka gada. Zai iya rubuta wa maƙeri masu bashinsa, kada a cuce shi. Da an rubuta yadda ake zaɓen tama, da yau ba mu rasa komai da komai ba. Amma akwai abin da takarda ba ta ɗauka. Na ce wa dattijon ya bayyana mini lokacin da ake tsoma bakin gatari a ruwa don ya yi ƙarfi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, in ja ya kai." Na ce, wane irin ja? Ya ce, "Zo ka zauna shekara uku, ka gani." Wannan ba a samun shi sai a gindin wuta, kusa da wanda ya iya.

Da kwana biyun suka cika, na same shi a maƙera. Na ce, "Baba, sake shi ya yi karatu. Amma ran da ba lakwal, da lokacin hutu, ya riƙe maka zuga-zugi, hannunsa ya saba. In ya girma ya zaɓi ƙira, zai zo mata da lissafi da karatu, ya fi ka. In ya zaɓi wata hanya, ba ka cuce shi ba. Kai kuma ɗauki yaro guda cikin ƴan gari ka koya masa." Ya daɗe yana juya ƙarfe cikin wuta bai ce komai ba. Can ya ce, "Na farkon na ji. Na biyun yana da nauyi, sai na shawarci ƴan'uwana." Yaron ya tafi kwaleji. Maganar ɗaukar bare kuwa har yanzu tana gaban dangi.

Kai kuma mai karatu, ga naka aikin. Ran kasuwa mai zuwa ka biya ta rumfar maƙera, ka gaishe su. In akwai tsohon bashi a kanka, ka biya. In ka iya rubutu, ka tafi da takarda, ka roƙi babbansu ya faɗa maka sunan kowane kayan aiki da wanda ya koya masa, ka kawo aji a karanta wa jama'a. In kuma ka ga na yi kuskure cikin shawarar da na ba dattijon nan, rubuto mana naka ra'ayin. Allah ya sa mu gane haƙƙin juna, amin.