Ƙana'a a Zamanin Anko

Ya 'yan'uwa Musulmi, maza da mata, mu ji tsoron Allah a kan azabar da muke gana wa kanmu da sunan fita kunya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu gidan da bai ji a jikinsa ba a garin nan na Kaduna. Kuɗin mota daga Kawo zuwa Kasuwar Gumi ya tashi, mudun shinkafa ya nemi ya gagari mai albashi. Amma ku zaga Unguwar Rimi da Malali ranar Asabar da dare, ku ga ɗakunan biki cike maƙil. Kamu daban, sa lalle daban, dina daban, kowanne da ankonsa. Da mai hali ne kaɗai ke yi, da sauƙi. Abin tausayi shi ne magidancin da ke haya a Badarawa ko Unguwar Shanu, wanda ya ci bashi ya cika akwatunan lefe don kada dangin amarya su yi masa gori. Ana watsewa, masu bin bashi suka fara sallama. Auren da aka ɗaura don a sami natsuwa ya fara da ɓuya a ɗaki.

Shin mun fi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, daraja ne? Da ya auri Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Khaibar, dabino da cuku da man shanu aka cakuɗa, aka shimfiɗa fata, sahabbai suka ci, walima ta ƙare. Nana A'isha ta ba da labarin yadda akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajensa ba, sai dabino da ruwa, sai madarar da maƙwabta ke aikowa. Kuma a gidan nan ana dariya. Shi da kansa ya yi tseren gudu da ita.

Idan kun ce wannan Annabi ne, to ga namu na kusa. Masu tarihi sun ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bayan garuruwa sun dawo hannun jama'arsa, bai tara tufafi ba, kuma yakan tufka igiya da hannunsa. Ku shiga Arewa House, inda Sardauna ya zauna har zuwa 15 ga Janairun 1966, ku dubi ginin da idon basira. Da yawa daga cikin attajiranmu na yau sai su raina shi, alhali daga nan aka riƙe Arewa baki ɗaya.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙana'a ba lalaci ba ce, kuma ba bargon da shugaba zai lulluɓa wa talaka ba ne ya ce ya yi shiru. Nemi halal da ƙarfinka, nemi haƙƙinka. Abin da nake ja mana kunne a kai shi ne zuciyar da ba ta ƙoshi, wadda ke kwana tana leƙen rayuwar wasu a TikTok da Instagram har ta raina tuwon gidanta. Annabi ya umarce mu da mu riƙa duban na ƙasa da mu a harkar duniya, domin kada mu wulaƙanta ni'imar da ke hannunmu.

Ni'imar kuwa tana nan birjik, mu ne muka daina ganinta. Ka fito sallar asuba da ƙafafunka cikin sanyin hunturu, ka biya wajen mai ƙosai, ka kai wa yara da zafinsa su sha da koko. Wanda ke kwance a asibitin Barau Dikko ya san farashin wannan. Lokacin mangwaro ya zo, damina ta kawo gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Zaman teburin mai shayi bayan isha'i, in babu gulma a ciki, hutu ne. A watan azumi ka zauna a Masallacin Sultan Bello, inda marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya shafe shekaru yana tafsiri, ka saurari Alƙur'ani, ba wanda zai tambaye ka katin gayyata. Mu da muka ga rikicin 2000 da na 2002 a garin nan, ai bai kamata a koya mana darajar kwana lafiya da tashi lafiya ba.

Iyayenmu mata, a hannunku maganar take, domin ku kuke ƙirga akwati. Idan an kawo lefen 'yarku, ku karɓa ku sa albarka, ku hana a ɗauki hoto a watsa. Kai kuma Alhaji, in Allah ya hore maka, rage kwana ɗaya cikin kwanakin bikin, ka biya wa marayun layinku kuɗin makarantar zangon nan.