Bashin da Ake Biya da Shekaru

A garin Scranton na jihar Pennsylvania ta Amurka akwai makarantar koyon aikin likita mallakar Geisinger, wata cibiya mai tafiyar da asibitoci a yankin. Ɗalibin da ya samu shiga shirinta mai suna Abigail Geisinger ba ya biyan kuɗin makaranta, har ma ana ba shi dala 2,000 duk wata. A takarda dai sunan kuɗin rance. Idan ya ƙware ya kama aiki a asibitocinsu, kowace shekarar aiki tana shafe bashin shekara guda ta karatu. A ƙasar da sabon likita kan fito da bashin kusan dala 200,000 a wuyansa, da wuya matashi ya ji wannan tayi ya kau da kai.

Ga ɗalibi Musulmi, tambayar farko ita ce: mene ne wannan kuɗin? Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka sani ita ce, rancen da ya jawo wa mai bayarwa wani amfani da aka shardanta tun farko ya shiga riba. Asibiti kuwa ba don Allah kaɗai yake yi ba. Likitan iyali yake nema, da na ƙwaƙwalwa, fannonin da ɗalibai ke gudu saboda kuɗinsu bai kai na tiyata ba. Sai dai ana iya karanta yarjejeniyar ta wata fuskar, a ce ijara ce, wato ladan aiki da aka biya kafin a yi aikin. Wannan fahimtar ta fi kama da gaskiyar lamarin, domin asibitin ba kuɗinsa yake so su dawo ba, mutum yake so.

Kuma sayar da shekaru ba baƙon abu ba ne a addini. Suratul Ƙasas ta kawo labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da dattijon Madyana wanda ya aurar masa da 'yarsa bisa aikin shekara 8, in ya ga dama ya cika 10. Abin lura a ƙissar shi ne yadda aka daidaita: wa'adi sananne, ƙari bisa zaɓi, sannan dattijon da bakinsa ya nuna ba ya nufin tsananta masa. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa goman ya cika.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da likita ya ce ya fasa. A nan ake gane ko ijara ce ko tarko. Shirin gwamnatin Amurka na tura likitoci yankunan da ba su da su, wanda aka kafa a 1970, yana ɗaukar nauyin karatu shi ma, amma wanda ya karya alkawari zai biya ninki 3 na abin da aka kashe masa, da kuɗin ruwa a kai. Tun 1867 dokar ƙasar ta haramta tsare mutum ya yi aikin dole saboda bashi, don haka ba mai ɗaure likita a ɗakin duba marasa lafiya. Tarar ce ke yin aikin igiyar. Mayar da abin da aka karɓa adalci ne da babu malamin da zai yi gardama a kansa. Ninkawa kuwa, da kuɗin ruwa, ta mayar da maganar can inda ake gudu tun farko.

Masu kare tarar ma suna da hujja. Tsohuwar da ke ƙauye mai nisan sa'a biyu da asibiti ita ce ke asara idan kowane likita zai iya fansar kansa da albashin birni. Cika alkawari wajibi ne, kuma a nan akwai mutum na uku da bai sa hannu ba amma rayuwarsa na rataye da takardar.

A Najeriya an so a bi ta wata hanya: a 2023 ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara 5 a gida. Ƙungiyoyin likitoci suka yi caa, kuma ba su yi laifi ba, tunda babu tayi balle amincewa.

Ko inda akwai amincewar, tana da nata rauni. Mai sa hannu a Scranton yawanci ɗan shekara 23 ne ko kusa da haka, bai taɓa kwana a kan mara lafiya ba. Karatu shekara 4 ne, horon ƙwarewa a likitancin iyali 3, sannan biya ya fara. Wanda zai biya ɗan shekara 30 ne, watakila da mata da 'ya'ya, watakila mahaifiyarsa na jinya a wata jiha, watakila a shekara ta uku ta karatu ya gano hannunsa na tiyata ne, fannin da babu shi a takardar da ya sa wa hannu.